Zanen da Ba Wanda Ya San Yadda Za a Gina Shi: Tarihin Gidan Opera na Sidni

Idan ka taɓa leƙa ɗakin da ɗaliban zanen gine-gine ke aiki a jami'a, musamman daf da ƙarshen zango, ka san yadda wurin yake kasancewa. Takardu manne a bango, samfuran kwali birjik a kan tebura, ɗalibai idanu jajur don rashin barci. Ɗaya zai tsaya gaban zanensa ya yi bayani, sauran kuma tare da malamai su yi masa caa. Wannan ya ce matakalar ta yi ƙunci, wancan ya ce wanda ya zauna a kujerar ƙarshe ba zai hangi dandamali ba, wata ta tambaya ta ina jama'a za su fita in gobara ta tashi. Daga nan sai a koma tebur a sake zane.

Cikin ayyukan da ake ba su, zanen zauren kiɗa ko na wasan kwaikwayo yana daga cikin masu wuya, domin ya haɗa komai: rufi mai faɗi da ba ginshiƙi a tsakiya, sauti, hangen 'yan kallo, shige da ficen dubban mutane, ga kuma kuɗi. Shi ya sa akwai gini ɗaya da kusan duk ɗalibin wannan fanni ke cin karo da tarihinsa, wato Gidan Opera na Sidni a Ostareliya. Ko ba ka san sunansa ba, ka ga hotonsa: wasu fararen rufuna masu kama da filafilan jirgin ruwa a bakin teku. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin aikin gwani guda ɗaya. In ka bi tarihin a hankali, za ka ga labari ne na yadda mutane da yawa suka yi shekaru suna gyara zane ɗaya, da kuma abin da ya faru ranar da tafiyar ta watse.

Gasar da baƙo ya cinye

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birnin Sidni ba shi da zauren da ya dace da manyan kaɗe-kaɗe. Eugene Goossens, wanda ke jagorantar babbar tawagar makaɗan birnin, shi ya yi ta matsa lamba a gina. A 1954 firimiyan jihar New South Wales, Joseph Cahill, ya amince. Aka zaɓi wani ɗan tsiririn ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, mai suna Bennelong Point, inda a lokacin ake ajiye taragun lantarki masu bin titi. Aka buɗe gasar zane ga duk duniya, da sharaɗin zaure biyu: babba mai ɗaukar mutum 3,000 zuwa 3,500, da ƙarami mai ɗaukar kusan 1,200.

Zane 233 aka aiko. Ranar 29 ga Janairu 1957 aka sanar da wanda ya yi nasara: Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmak mai shekara 38, wanda kusan ba wanda ya san shi a wajen ƙasarsa. Bai taɓa taka Sidni ba a lokacin. Taswirorin matuƙa jirgin ruwa ya yi amfani da su ya fahimci wurin, abin da bai yi masa wuya ba tunda mahaifinsa masanin ƙera jiragen ruwa ne.

Tunaninsa kashi biyu ne. Na farko, katafaren dakali mai matakala, wanda ya samo daga dakalan tsoffin wuraren ibadar Mayawa da ya ziyarta a Meziko a 1949. Duk ɗakunan aiki da na shiri suna ɓoye a cikin wannan dakali. Na biyu, rufuna marasa nauyi a ido, kamar suna shawagi a samansa. Ya kuma jera zaurukan biyu kafaɗa da kafaɗa. Ka riƙe wannan batu na jerawa, domin zai dawo mana nan gaba.

Alƙalan gasar sun ga kyau, kuma sun yi gaskiya. Matsalar ita ce layukan rufin da hannu kawai Utzon ya ja su. Babu wani lissafi da ya bayyana siffarsu.

Me ya sa hakan ya zama matsala?

Ɗauki ƙwai ka matsa shi ta tsawonsa a tafin hannunka. Ɓawonsa siriri ne, amma da ƙyar zai fashe, saboda siffarsa tana rarraba nauyi ya bi jikin ɓawon gaba ɗaya. A shekarun 1950 injiniyoyi sun ƙware wajen zuba rufin kankare siriri bisa wannan dabara. Sai dai dabarar tana da sharaɗi: dole siffar ta zama wadda nauyi zai bi jikinta yana matse ta. Rufunan Utzon dogaye ne, masu tsini, da ƙashin baya mai kaifi a sama. A irin wannan siffa, nauyi da iska suna ƙoƙarin lanƙwasa kankaren ne, shi kuwa kankare yana jure matsi amma ba ya son lanƙwasa.

Ga kuma matsala ta biyu, wadda duk birkila zai gane ta nan take. Kafin ka zuba kankare sai ka kafa katakon da zai riƙe shi. In kowane taku na rufin yana da lanƙwasa tasa daban, to kowane taku sai an ƙera masa nasa katakon, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Kuɗin zai wuce hankali. Sannan injiniya ba zai iya lissafa ƙarfin abin da ba a iya bayyana shi da lambobi ba.

Aka ɗauko kamfanin injiniya Ove Arup da ke Landan. Daga 1957 aka shiga abin da ɗaliban yau za su gane sarai: a zana, a gwada, a soke, a sake. An bi ta siffofi aƙalla goma sha biyu. An gwada lanƙwasa irin ta hanyar da dutse ke bi in ka jefa shi sama, an gwada mai kama da ƙwai. An ƙera samfura aka ɗora musu nauyi a Jami'ar Southampton, aka kuma saka wasu a ramin gwajin iska. An yi amfani da kwamfutocin farko na zamanin wajen lissafi, abin da ya sa ginin ya shiga sahun farko na manyan gine-ginen da kwamfuta ta taimaka wa lissafinsu.

Gaggawar 'yan siyasa

Ana cikin wannan lalube, Cahill ya dage a fara gini. Tsoronsa shi ne in aka jira, ra'ayin jama'a zai iya juyawa ko gwamnati ta sauya, aikin ya mutu a takarda. Ranar 2 ga Maris 1959 aka fara aikin dakali, alhali ba wanda ya san nauyin rufin da zai hau kansa. Cahill ya rasu a watan Oktoban shekarar.

Ta wata fuskar dabararsa ta ci, tunda da zarar an zuba kankare ba a iya fasawa. Amma an biya farashi. Da aka gama tantance rufin, sai aka tarar ginshiƙan da aka riga aka zuba ba za su iya ɗaukarsa ba, dole aka fasa su aka sake. Hausawa sun ce gaggawa aikin shaiɗan, a nan kuwa gaggawar ta bar rasit.

Ƙwarya ɗaya, gutsattsari da yawa

Mafita ta zo a 1961, a ofishin Utzon da ke ƙauyen Hellebæk a Denmak. Ka ɗauki ƙwarya mai kyakkyawan zagaye, ka yanko gutsattsari daga jikinta, wani babba wani ƙarami. Duk da girmansu ya bambanta, lanƙwasarsu ɗaya ce, tunda daga jiki ɗaya suka fito. Haka aka yi da rufin: aka ƙaddara cewa kowane ɓangare an yanko shi ne daga jikin wata ƙatuwar ƙwallo guda, wadda daga tsakiyarta zuwa fatarta kusan mita 75 ne. Shi Utzon da ɓawon lemu aka fi danganta misalinsa.

Wannan ya sauya komai. Maimakon ɓawo siriri, rufin ya koma jerin haƙarƙarin kankare da suka taso daga tushe ɗaya suka baje kamar mafici. Tunda duk lanƙwasarsu ɗaya, mazubi kaɗan sun isa a yi ta maimaitawa, kamar yadda mai buga bulo ke fitar da dubbai daga mazubi guda. An zuba gutsattsari 2,194 a filin aikin, wasu nauyinsu ya kai tan 15, aka ɗaga su da ƙugiya, aka manna su, aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe da aka ja suka yi tsam.

To wa ya gano wannan dabara? Har yau masu tarihi na ja-in-ja. Utzon ya ɗauke ta a matsayin tasa, kuma akwai hujjoji masu ƙarfi a kan haka. Wasu kuma na nuna cewa shekarun da injiniyoyin Arup suka yi suna gwaji, da komawarsu ga tsarin haƙarƙari, su suka share hanya. Abin da ba a musu a kansa shi ne ɗakin cike yake da matasa. Rafael Moneo, ɗan Sifen da ya kammala karatu a 1961, ya yi aiki a ofishin a daidai wannan lokaci, kuma daga baya a 1996 ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. Akwai Yuzo Mikami daga Jafan, wanda ya yi aiki da Utzon sannan ya koma wurin Arup. A ɓangaren injiniyoyi akwai Jack Zunz da ya jagoranci aikin rufin, da wani matashi ɗan Ayalan, Peter Rice, wanda daga baya ya yi suna a ginin Cibiyar Pompidou ta birnin Faris.

Ba a nan hannuwan suka ƙare ba. Kamfanin gini na Hornibrook ne ya kafa rufin, kuma wani injiniyansa, Joe Bertony, ya ƙirƙiro bakan ƙarfe mai motsi da ke tallafe kowane haƙarƙari har a gama ɗaure shi. Da hannu ya yi lissafinsa, dubun-dubatar lissafi. Fararen tayil ɗin da kake gani kuwa, kamfanin Höganäs na Siwidin ya yi shekara uku yana gwaji kafin a samu irin da Utzon ke so, wanda zai yi ƙyalli ba tare da ya kashe ido ba. Guda 1,056,006 ne a jikin rufin, wasu masu sheƙi wasu marasa sheƙi.

Ka lura da wani abu a nan. Rufin da aka gina ba shi ne wanda ya ci gasa ba. Na takardar 1957 ya fi kwanciya, wanda aka gina ya fi miƙewa tsaye. Sukar injiniyoyi ta tilasta wa zanen sauyawa, kuma mafi yawan masana na ganin sauyin ya ƙara masa kyau ne.

Ranar da tafiya ta watse

Utzon ya koma Sidni da iyalinsa a 1963, ya maida hankali kan cikin zaurukan. Hanyar aikinsa ita ce gwaji da samfuri mai cikakken girma: a ƙera, a duba, a gyara. Yana so a yi silin ɗin zaurukan da manyan fallayen katakon filawud, ya kuma nemi kuɗin ƙera samfuransu.

A 1965 gwamnati ta sauya. Robert Askin ya zama firimiya, Davis Hughes ya zama ministan ayyuka. Sun yi yaƙin zaɓe suna sukar kuɗin da ginin ke ci, kuma sukar ba ta rasa tushe ba, don kuɗin ya riga ya ninka abin da aka faɗa da farko. Hughes ya nemi cikakkun zane da jadawali kafin ya saki kuɗi, ya hana kuɗin samfuran, ya kuma riƙe wasu haƙƙoƙin Utzon. Shi kuma Utzon ya ce ba zai iya ba da zanen ƙarshe na abin da ba a gwada ba. A lokaci guda dangantakarsa da injiniyoyin Arup ta yi tsami. Ranar 28 ga Fabrairu 1966 ya rubuta takardar barin aiki, ministan ya karɓa ba tare da ɓata lokaci ba.

Nan ɗalibai suka shigo labarin da ƙafafunsu. Ranar 3 ga Maris, kimanin mutum dubu suka yi tattaki zuwa majalisar jihar suna neman a dawo da Utzon. Ɗaliban zanen gine-gine na cikinsu, tare da fitaccen mai zane Harry Seidler da marubuci Patrick White. Bai yi amfani ba. A ƙarshen Afrilu Utzon ya bar Ostareliya, kuma bai sake komawa ba har ya mutu. Bai taɓa ganin ginin a kammale da idonsa ba.

Wanda ya gaji kaya

Aka naɗa mutum uku su ƙarasa: Peter Hall, Lionel Todd da David Littlemore. Nauyin zane ya faɗa kan Hall, mai shekara 34. Ya ɗauka zai tarar da zane kammalalle ya bi, sai ya tarar da aikin da ke tsakiyar gwaji, ga kuma buƙatun da suka sauya.

Ka tuna an so babban zauren ya yi aiki biyu, opera da kiɗan tawaga. Waɗannan biyun kunne daban suke so. In an buga sauti a zaure, yana ci gaba da yawo tsakanin bango da rufi kafin ya mutu. Kiɗan babbar tawaga yana son wannan jinkiri ya kai kusan daƙiƙa biyu, don sautukan su gauraya su yi kauri. Opera kuwa waƙa ce mai kalmomi, tana son jinkirin ya fi haka gajarta don a ji abin da ake faɗa. Ƙari a kan haka, opera na buƙatar fili a gefen dandamali da samansa don sauya kayan ado. Jera zaurukan kafaɗa da kafaɗa a siririn wuri ya cinye filin gefe, shi ya sa Utzon ya tsara injinan da za su riƙa ɗago kaya daga ƙasa.

Hukumar watsa labarai ta ƙasar, wadda ke riƙe da tawagar makaɗan, ta dage kan kujeru kusan 2,800 da sautin da ya dace da kiɗa. Aka yanke shawara babban zaure ya zama na kiɗa zalla. Injinan dandamalin da aka riga aka sayo aka kafa, aka cire su. Opera aka tura ta ƙaramin zaure, wanda ramin makaɗansa ya zama matsattse, abin da aka yi shekaru ana kuka da shi.

Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ginin ranar 20 ga Oktoba 1973. Ba a ambaci sunan Utzon a bikin ba. An yi hasashen dalar Ostareliya miliyan 7 da gamawa a 1963, aka ƙare da miliyan 102 da jinkirin shekara goma. Mafi yawan kuɗin daga cacar tikiti da gwamnati ta shirya ya fito.

Abin da kunne ya gano

Babban zauren yana da kyan gani, amma makaɗa sun yi ta ƙorafi cewa ba sa jin junansu. Lissafin mai sauƙi ne. Silin ɗin da ke saman dandamali ya kai tsayin kusan mita 25. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Kafin ya hau ya dawo ya yi mita 50, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa. A wurinka wannan ba komai ba ne, amma ga mai goge da ke son ya yi daidai da abokinsa na can gefe, sautin ya makara. An rataya wasu zobban roba masu haske a saman dandamali don su riƙa maido da sautin da wuri, amma ba su wadatar ba.

Sai a 2020 aka rufe zauren don babban gyara, aka buɗe a Yulin 2022. An sauke zobban, aka maye gurbinsu da manyan faifai 18 masu kama da furanni, aka rage tsayin dandamali, aka sa wa bangaye katako mai tudu da kwari don ya warwatsa sauti. Kusan shekara 50 bayan buɗewa, ana nan ana gyaran zanen.

Kafin nan an yi sulhu. A 1999 hukumar ginin ta nemi Utzon ya dawo a matsayin mai ba da shawara, ya yarda, yana aiki daga nesa ta hannun ɗansa Jan. Ya rubuta ƙa'idojin da duk mai taɓa ginin nan gaba zai bi. Ya ci kyautar Pritzker a 2003, a 2004 aka buɗe wani ɗaki da aka yi cikinsa bisa zanensa aka sa masa sunansa, a 2007 kuma UNESCO ta sa ginin cikin wuraren tarihi na duniya. Ya rasu a Nuwamba 2008 yana da shekara 90. Peter Hall bai ga wannan ba. Ya rasu a 1995, bayan ya sha zargi na shekaru daga masu ganin ya ɓata aikin gwani. Sai a baya-bayan nan aka fara yi masa adalci, ana la'akari da irin ƙullin da aka miƙa masa.

Me za ka ɗauka daga nan?

Ka kwatanta rabin ginin biyu. Rufin ya samu shekaru na gwaji, mai zane da injiniya da magini suna zaune kan matsala ɗaya, kowa na da damar cewa wannan ba zai yiwu ba. Sakamakon shi ne abin da duniya ke zuwa kallo. Cikin zaurukan kuwa an yanke gwajinsa a tsakiya, masu aikin suka rabu, aka sauya buƙata bayan an riga an gina ɓawon da za a cusa ta. Shi ne ɓangaren da aka yi rabin ƙarni ana biyan kuɗin gyaransa.

Kada ka ɗauka laifin na mutum ɗaya ne. Hughes yana kare kuɗin jama'a, ko da ya yi shi da kaushi. Utzon ya ci gasa da zanen da bai san yadda zai tsaya ba. Cahill ya sa an fara gini kafin a gama tunani, amma wataƙila da bai yi haka ba da babu ginin sam. Wanda ya ba da aikin ma bai tantance abin da yake so daga babban zauren ba sai da aka yi nisa.

Masu kula da ginin sun nuna sun fahimci darasin. Lokacin cikarsa shekara 40 a 2013, suka ƙaddamar da shirin musayar ɗalibai tsakanin Ostareliya da Denmak, inda aka riƙa ɗaukar ɗalibai biyar daga kowace ƙasa, a gauraya masu karatun zanen gini da na injiniya da na ƙira, a ba su aiki ɗaya su yi tare.

Saboda haka in kana da ƙane ko ɗiya da ke karatun nan, suka dawo gida ransu a ɓace wai an yayyaga musu zane a gaban aji, ka ba su labarin ginshiƙan da aka fasa a Bennelong Point. Kuskuren da aka kama a kan kwali, kuɗinsa kwali ne da daren rashin barci ɗaya. Wanda aka bari ya shiga kankare, da guduma ake fitar da shi.